Tambaya da Amsa tare da Baba Malam: Waya da kukan tsadar rayuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi. Kullum muna ganin bidiyon matasan wasu ƙasashe a TikTok da Facebook, daga Kenya, Najeriya, har Chile, sun fito kan tsadar rayuwa da yadda ƴan tsiraru suka tattare dukiyar ƙasa. Abokaina a fada suna cewa zamanin ƙungiya da sandika ya wuce, yanzu waya kaɗai ta isa, a buɗe zauren WhatsApp, a yi kira, gari ya amsa. Ni dai ina shakka. Da gaske waya ce ta yi waɗannan abubuwa? Kuma me ya sa wasu suka samu biyan buƙata, wasu suka koma gida hannu rabbana?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka riƙe shakkar nan taka, za ta yi maka amfani. Abokanka sun ga rabin magana, kuma rabin da suka gani gaskiya ne, don haka da shi za mu fara.

Ranar 17 ga Disamba 2010, wani saurayi mai suna Mohamed Bouazizi, mai sayar da kayan marmari a baro a garin Sidi Bouzid na Tunisiya, ya cinna wa kansa wuta a ƙofar ofishin gwamna, bayan ma'aikatan gari sun ƙwace masa kaya da sikeli. Shekarunsa 26, kuma shi ke ɗauke da gidansu. Kafin nan, a 2008, mutanen yankin Gafsa, inda ake haƙar ma'adinin fosfat, sun yi kusan wata shida suna bore kan rashin aiki da son kai wajen ɗaukar ma'aikata. Aka murƙushe su, duniya ba ta ji ba. A 2010 kuwa akwai waya mai kyamara a aljihun ƴan'uwan Bouazizi. Suka ɗauki taron da aka yi gaban ofishin, suka saka a Facebook, tashar Aljazira ta ɗauka ta watsa. Wata bai cika ba, ranar 14 ga Janairu 2011, Ben Ali da ya shekara 23 yana mulki ya hau jirgi sai Saudiyya. To wanda ya ce waya ba ta yi komai ba bai yi adalci ba. Ita ta hana a binne maganar.

Amma ka tambaya, su wa suka ɗauki boren daga gari zuwa gari? Rassan babbar ƙungiyar ƙwadagon ƙasar ne, UGTT, musamman malaman makaranta, tare da lauyoyi. A ƙofar ofisoshin sandika ake haɗuwa kafin a fito. Su suka kira yajin aiki a Sfax ranar 12 ga Janairu, sannan a Tunis ranar 14. Wannan ɓangaren ba ya fitowa a bidiyon minti ɗaya, shi ya sa abokanka ba su gan shi ba.

Masar ta fi nuna abin a fili. Wani shafin Facebook da aka buɗe don tunawa da Khaled Said, matashin da ƴan sanda suka kashe a Iskandariyya, yana cikin waɗanda suka kira fitowar 25 ga Janairu 2011. Taken jama'a kuwa da burodi ya fara, sannan ƴanci, sannan adalci. Gwamnati ta katse intanet ranar 28 ga wata, wajen kwana biyar. Maimakon mutane su ragu, sai suka ƙaru, daga masallatan Juma'a suka kwararo. Shugaba Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu. Sai me? Matasan da suka yi kiran ba su da jam'iyya, ba su da reshe a ƙauye, ba su da wanda zai zauna ya yi magana da yawunsu. Da aka zo zaɓe, Ƴan'uwa Musulmi, waɗanda tun 1928 suke gina ƙungiyarsu unguwa-unguwa, suka lashe. A 2013 soja suka karɓe. Masu tsari biyu ne suka raba abin tsakaninsu, masu waya suka tashi a tutar babu, wasunsu ma a gidan kaso suka ƙare.

Ni yadda na fahimci waya, aikin sanƙira take yi. Sanƙira zai kewaye gari ya tara maka jama'a a ƙofar sarki cikin sa'a guda. Amma ba shi zai shiga zaure ya yi magana da sarki ba, ba kuma shi zai ciyar da mutanen nan ba in zaman ya kai kwana goma.

Na Amurka ba zan daɗe a kansa ba. Ranar 17 ga Satumba 2011 matasa suka kafa tantuna a wani ɗan fili kusa da Wall Street a New York, suna cewa su ne kashi 99 cikin ɗari, ragowar kashi ɗayan nan ne ya kwashe arziki. Suka ƙi naɗa shugaba, suka ƙi rubuta buƙata. Ranar 15 ga Nuwamba ƴan sanda suka tashe su. Sun bar wa duniya wata magana da ake ta maimaitawa har yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma babu dokar da za ka nuna ka ce su suka sa aka canza ta. A Chile kuma, Oktoba 2019, ƙarin peso 30 a kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sa ƴan makaranta suka fara tsallake ƙofar biya, abu ya girma har mutum sama da miliyan ɗaya suka cika Santiyago ranar 25 ga wata. Suka samu alkawarin sabon tsarin mulki, kusan kashi 78 suka ce a rubuta. Da aka rubuta, a Satumba 2022 kusan kashi 62 suka ce ba sa so. Aka sake wani, a Disamba 2023 shi ma aka ƙi. Haɗa mutane kan abin da suka ƙi yana da sauƙi. Wuyar tana wajen haɗa su kan abin da suke so.

Yanzu duba waɗanda suka koma gida da wani abu a hannu. Maƙwabtanmu na Najeriya, ranar 1 ga Janairu 2012 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Matasa suka yi ta kira ta Twitter da Facebook da BlackBerry, amma abin da ya tsayar da ƙasar cik shi ne yajin aikin manyan ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC da ya fara ranar 9 ga wata. Ranar 16 aka sauko da lita zuwa naira 97. Da yawa sun ji haushin shugabannin ƙwadago, suna ganin sun janye da wuri. Duk da haka akwai lamba da aka shiga da ita, akwai lamba da aka fito da ita. Manoman Indiya sun fi burge ni. An yi dokoki uku kan cinikin amfanin gona a Satumba 2020, suka ga za a bar su a hannun manyan kamfanoni. Suka ja taraktocinsu suka yada zango a mashigan birnin Delhi, shekara guda cur, cikin sanyi da zafi. Ƙauyuka suna aiko da gari da madara, ana girki ana ciyar da kowa, mutanen gari ɗaya suna karɓa-karɓa, waɗansu su koma gona waɗansu su zo su zauna. An katse musu intanet a wuraren zaman, ba su motsa ba. A Nuwamba 2021 Firayim Minista Modi ya janye dokokin duka uku. Su ma suna da WhatsApp, suna amfani da shi sosai. Abin da ya riƙe su dai ƙungiyoyin manoma ne da tukunyar abinci.

Za ka ce mini, to Kenya fa? Gaskiya ne, a Yuni 2024 matasan Kenya ba su da shugaba, kuma sun sa Shugaba Ruto ya ƙi sa hannu kan dokar kuɗi ranar 26 ga wata, kwana guda bayan sun kutsa majalisa. Sai dai ka lura, buƙatarsu ɗaya ce tak, dokar nan da ta so ɗora harajin kashi 16 kan burodi. Kuma sun zauna sun karanta ta, suka fassara ta sashe-sashe cikin harsunansu, suka aika wa iyayensu a ƙauye. Wannan aikin ya fi bidiyon hayaƙi mai sa hawaye daraja a wurina. An kashe musu mutane gommai, an sace wasu, kuma kafin shekara ta ƙare wasu harajin suka dawo ta wasu dokoki, saboda babu wata ƙungiya tsayayya da za ta zauna tana gadin abin da aka samu.

Bari in dawo da kai gida, don mu ma muna da namu tarihin, kuma ban ji kuna maganarsa a fada ba. A farkon 2005, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin TVA na kashi 19 kan madara, fulawa, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki. Ƙungiyoyin fararen hula da na ƙwadago da na masu saye suka haɗu cikin gamayyar yaƙi da tsadar rayuwa, Nouhou Arzika na gaba. Ranar 15 ga Maris aka yi gagarumin tattaki a Yamai, daga nan aka shiga kiran ranakun rufe gari, abin ya bazu zuwa manyan garuruwa. Aka kama shugabannin, cikinsu har da Moussa Tchangari da Morou Amadou. Jama'a ba su ja da baya ba, aka sake su, aka zauna. A watan Afrilu gwamnati ta cire harajin daga madara da fulawa, ta sassauta na ruwa da wuta ga masu ƙaramin amfani.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal ta firamare a nan cikin gari. Babu Facebook, babu WhatsApp, salula ma sai ɗaiɗaikun mutane. Rediyo muke da shi, da takarda, da ƙafa. Aikin da aka ba mu ƴan sandika shi ne mu bi shugabannin sana'o'i mu yi musu bayani. Ina tuna wani dattijo cikin manyan mahauta, na same shi bayan la'asar yana wanke wuƙaƙe. Na ce masa kashi 19 cikin ɗari, ya dube ni kawai. Sai na ce, Baba, a kowace jika, dala talatin da takwas ce ake ƙarawa. Nan ya ajiye wuƙar. Ya ɗan yi lissafi da yatsu, sannan ya yi mini tambayar da har yau ita nake yi wa duk mai kiran a fito: ranar da muka rufe, wa zai ciyar da yarana masu tallar nama, waɗanda in ba su fita ba gidansu ba a ɗora tukunya? Muka daɗe muna magana. Bai ce to ba sai da ya tara yaransa ya ji ta bakinsu, suka shirya yadda za su rufa wa juna asiri a ranar. Saƙon waya ba ya zama ya amsa irin wannan tambaya. Sai mutum ya je da ƙafarsa, an san gidansu, an san in abu ya ɓaci za a same shi.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai game da shekarar nan, kuma ina so ku matasa ku ji shi. A 2005 ɗin dai, bayan fari da fara na damanar 2004, yunwa ta sauka a jiharmu. Kuɗin buhun hatsi ya fi ninki biyu tsakanin kaka da tsakiyar damana. Mata daga ƙauyukan Madarunfa, Gidan Runji da Dakwaro suna goye da yara da suka rame ƙashi da fata, suna layi a cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta nan Maraɗi. A karkara ana jiƙa anza ana ci. Kuma kasuwa ba ta rasa hatsi ba, kuɗin saye ne babu. Ka duba jerin abin da gari ya fito a kansa: madara, fulawa, famfo, lantarki. Matar da ke goye da yaron nan ba ta da ko ɗaya cikinsu. Daga baya wasu ƙungiyoyi sun yi tattaki a Yamai suna neman a raba abinci kyauta, Allah ya saka musu, amma kukan birni ne ya fara isa kunnen hukuma. Waya kuwa in ba a yi hattara ba ƙara wannan rata take yi. Sama da kashi 80 cikin ɗari na ƴan Nijar a karkara suke, mafi yawan ƴan ƙasa ba sa shiga intanet. Wanda ke da babbar waya da kuɗin saka mata intanet da wutar caji, muryarsa ce ake ji, sai a ɗauka ita ce muryar talaka.

Don haka in da gaske kuke a fadarku, ga aikin da wayarku za ta iya. Kusan kowannenku yana da ƙauyen da yake komawa hutu. Ku rubuta kuɗin tiyar hatsi da ta wake a kasuwar ƙauyen lokacin kaka, ku sake rubutawa a bazara, ku sake a tsakiyar damana. Ku tambayi manoma nawa ne suka sayar da rahusa don biyan bashi, suka dawo suna saye da tsada daga hannun wanda ya saya musu. Ku bincika ko bankin cimaka na garin yana aiki ko ya mutu, da abin da ya kashe shi. In an ce an kawo hatsin gwamnati mai rahusa, ku ji ko ya isa, buhu nawa, wa ya samu. Ku naɗi bayanin da saƙon murya cikin Hausa don wanda bai yi boko ba ya ji, ya kuma gyara muku in kun yi kuskure. Wanda ya je gaban magajin gari ko gidan rediyo da irin wannan lissafi na ƙauye ashirin, ba a iya ce masa ƙarya yake. Rashin daidaiton da kuke gani a bidiyon New York yana nan tsakanin rumbun manomi da sito na ɗan kasuwa, ku fara sanin lambobinsa.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ɗiyata ce ke rubuta mini. Ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a unguwar Bagalam. Ɗana na fari ya gama makaranta babu aiki, kullum kansa na cikin waya, duk saƙon da aka turo masa na zagin masu mulki da masu kuɗi sai ya tura wa wasu. Na ji ana kama mutane kan haka. Barci ya ƙaurace mini. In ƙwace wayar ne?

AMSA: Ina amsawa, ƙanwata, Allah ya sa albarka a sana'a. Tsoronki yana da tushe, ba zan ɓoye miki ba. Tun 2019 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna, amma a watan Yuni 2024 hukumomi suka maido da shi. Zagi ko ɓata suna ta waya na iya kai mutum ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku, yaɗa abin da aka ce zai iya tada hankalin jama'a kuma shekara biyu zuwa biyar. Ki faɗa masa da kyau, doka ba ta tsaya kan wanda ya ƙirƙiri saƙo kaɗai ba, wanda ya yaɗa ma yana ciki. Layin wayarsa da takardarsa aka yi rajistarsa, kuma zauren da ke da mutum ɗari biyu ba ɗakin sirri ba ne. Ni a ra'ayina ɗaure mutum kan magana ba ya sauko da farashin ko tiya ɗaya, kuma hukumar da ke jin kukan mutanenta tun yana ƙarami ita ke zama lafiya. Amma ra'ayina ba zai fito da ɗanki daga kaso ba in ya shiga.

Ki tuna masa abin da ya faru a ƙetaren iyaka. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta 2024 a Najeriya, ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24. Aka kwashi yara daga Kano da Kaduna, wasu ba su kai shekara 18 ba, aka tsare su kusan wata uku. Ranar 1 ga Nuwamba da aka kawo su kotu a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi don yunwa, sai da duniya ta yi ca aka sake su. Da yawa cikin masu zuga ta waya suna gidajensu lafiya lau, wasu ma ba a ƙasar suke ba. Ɗan talaka ne ya kwana a ƙasa.

Amma kada ki ƙwace wayar. Zai ari ta abokinsa, ke kuma kin rasa amanarsa. Kuma fushin yaron nan ba hauka ba ne. Saurayin da ya yi karatu, yana kallon uwarsa tana murza tunkuza tun asuba, shi ko kuɗin sabulu sai ya roƙa, dole zuciyarsa ta yi zafi. Ki zaunar da shi bayan isha'i, ki ce ya kunna miki saƙonnin ki ji da kunnenki. Kowanne ki tambaye shi, wa ya faɗa, ya san shi, kuma zai iya maimaita maganar gaban mutumin da ake zagi? Wanda bai iya amsawa ba, ya goge.

Sannan ki ba fushin nasa aikin yi. Na tabbata kina cikin asusu ko adashe. Kin san tsarin Mata Masu Dubara a jihar nan tamu aka fara shi, a 1991, tare da ƙungiyar CARE, mata suna zuba ɗan abin da suka samu kowane mako cikin akwati suna ba juna rance? Yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ku kun riga ɗanki sanin yadda ake haɗa kai. Ki ja shi ya riƙe muku lissafi, ya riƙa tambayo muku kuɗin gyaɗa a kasuwannin ƙauye ta wayar tasa, ku haɗa kuɗi ku saya tare tun da kaka kafin ta yi tsada, ya ɗauki hoton man ya nema muku masu saye a Yamai da Agadas. In ya ga da idonsa inda ribar uwarsa ke zurarewa, ko magana zai yi nan gaba, zai yi ta da hujja.

TAMBAYA: Baba Malam, ni ɗan kabu-kabu ne. A tasharmu ana cewa duk zanga-zangar nan da ake gani a waya Turawa ne ke shirya ta don su rusa ƙasashe. Haka ne?

AMSA: Ɗana, kai da kanka ka san ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, 29 ga Mayu 2023, da yadda kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta tashi a nan Maraɗi cikin ƴan kwanaki. Wani Bature ne ya zo ya ce maka ka ji zafi? A garin Atbara na Sudan, Disamba 2018, burodin fam ɗaya ya koma fam uku, ƴan makaranta suka fito, daga nan aka faro abin da ya kai ga faɗuwar Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan a Khartum ranar 3 ga Yuni, an rufe intanet sama da wata guda, amma kwamitocin unguwanni suka bi gida-gida da baki da ƴan takardu, ranar 30 ga Yuni tituna suka cika. A Labanan, 17 ga Oktoba 2019, harajin santi 20 na kuɗin Amurka a rana kan kiran WhatsApp ne ya fito da mutane. Faransa kanta ba ta tsira ba: ranar 17 ga Nuwamba 2018 masu riguna ruwan ɗorawa, yawancinsu mutanen ƙananan garuruwa da ba su da abin hawa sai motarsu, suka tare hanyoyi kan harajin mai, har Shugaba Macron ya janye shi. In Turawa ke shirya komai, wa ya shirya musu tasu?

Sai dai mutanen tasharku ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai masu shiga rigar talaka su yi nasu ciniki. A Disamba 2020 kamfanin Facebook ya sanar da rufe wasu shafukan bogi da ke yi wa ƴan Afirka magana kamar su ma ƴan ƙasa ne, wasu suna da alaƙa da mutanen rundunar sojan Faransa, wasu da Rasha, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka ambata. A Kano, cikin zanga-zangar Agusta 2024, an ga yara ɗauke da tutar Rasha, alhali kuɗin masara da shinkafa ne ya fito da su. Yunwar ta gaske ce, masu neman hawa kanta su ma na gaske ne, daga waje da kuma cikin gida.

Abin da zan ce maka, in bidiyo ya zo maka ana cewa ga abin da ke faruwa yanzu a Damagaram ko Katsina, kada ka tura. Dubi lambar motocin da ke ciki, dubi kakin jami'an, saurari harshen da ake yi, ka ga ko damana ce a hoton alhali muna cikin rani. Sau da yawa tsohon abu ne na wata ƙasa aka sake masa suna. Ku ƴan kabu-kabu kun fi kowa hanyar gane gaskiya, don babu garin da ba ku da abokin sana'a ko direban da ya taso daga can da safe. Kira shi ka tambaya. Kuma ka tuna a Fabrairu 2021, bayan sakamakon zaɓe, an rufe intanet na waya kwana goma a ƙasar nan, ƴan kasuwar da ke karɓar odar kaya ta WhatsApp suka yi asara. Ku ajiye lambobin juna a takarda, shugabannin tasharku su san gidan kowa, asusun taimakon wanda ya yi hatsari ko aka kama masa babur ya zama yana da ma'aji da littafi.

Masu tambaya kan kuɗin hayar shaguna da kuma bashin taki, wasiƙunku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.